Daga Kumatun Hamsta Zuwa Gadon Asibiti: Yadda Ake Gwada Maganin Gyambon Bakin Masu Dashen Ɓargo

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wajen masu gyara a titin Beirut ya san abin da ake kira filashin. Idan manhajar da ke tafiyar da waya ta lalace har gyaran sama-sama ya gagara, sai mai gyara ya goge ta gaba ɗaya ya ɗora sabuwa. Kafin ya fara yakan gargaɗi mai wayar cewa hotuna da lambobi da saƙonni duk za su tafi, domin gogewar ba ta tantance mai kyau da marar kyau.

Dashen ɓargo, wanda shi ne sananniyar hanyar raba mutum da cutar sikila, yana tafiya ne kusan a kan wannan tsari. Ɓargo shi ne masana'antar jini. A cikinsa akwai ƙwayoyin tushe, waɗanda daga gare su ake samun jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu daskarar da jini. Kafin likitoci su zuba wa marar lafiya lafiyayyun ƙwayoyin tushe, sai sun fara share nasa da magunguna masu ƙarfi irin na kansa, wato kemoterafi, wani lokacin har da gashin rediyeshon. Wannan sharewar ba ta tsayawa a ɓargo kaɗai. Tana taɓa baki, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa dashen sukan ce ciwon bakin nan shi ne abin da ya fi ba su wahala a duk zamansu na asibiti. Likitoci suna kiran sa mukosaitis.

Mafi yawan abin da aka sani game da yadda wannan ciwo ke tasowa, daga bakin ƙananan dabbobi aka fara koyonsa. Wannan rubutu zai bayyana yadda ake yin gwajin, abin da ya haifar, da kuma inda ya gaza.

Me ya haɗa wannan da Kano?

Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, inda ƙiyasin da aka fi ambata ya kai jarirai kusan 150,000 a shekara. A Fagge ko Sabon Gari da wuya a samu layin da babu gidan da ya san wannan lalura. Shi ya sa a watan Mayun 2024 gwamnatin jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinsin jini. Ga waɗanda aka riga aka haifa da cutar kuwa, maganin da aka fi dogara da shi shi ne haidiroksiyuriya, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi dogon bincike a kansa domin kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Yana rage wahala ƙwarai, amma ba ya kawar da cutar.

Dashe shi ke iya kawar da ita. An fara yin sa a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Dokta Nosakhare Bazuaye, kuma mai sikila aka yi wa. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu. Wasu iyalai kuma Indiya suke nufa. Idan yaro ya samu ɗan'uwa shaƙiƙi wanda ɓargonsu ya dace, fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan yara sukan rayu, kuma mafi yawansu sun rabu da sikila ke nan. Damar kowane shaƙiƙi ya dace ɗaya ce cikin huɗu.

Iyalin da suka sayar da fili ko suka tara gudummawar dangi domin wannan tafiya sukan yi lissafin kuɗin jirgi da na asibiti. Kaɗan ne ke sanin cewa akwai makonni biyu zuwa uku da yaronsu zai iya kasa haɗiye ko da yawunsa.

Me ke faruwa a cikin baki?

An ƙera magungunan kemoterafi ne su kashe ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa. Ƙwayoyin ɓargo suna cikinsu, haka ma na tushen gashi, da na fatar cikin baki da hanji. Fatar cikin baki tana sabunta kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan aka dakatar da ƙwayoyin da ke ƙasa masu haifar da sababbi, na sama za su ci gaba da zubewa kamar yadda suka saba, babu masu maye gurbinsu. Fatar sai ta yi siriri, ta yi ja, daga nan ta buɗe ta zama gyambo. Yawanci alamun kan bayyana bayan kwana 5 zuwa 10 da fara maganin. A cikin waɗanda aka yi wa sharewa mai ƙarfi, kusan 8 cikin 10 kan gamu da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi mataki-mataki daga 0 zuwa 4. A mataki na 1 baki ya yi ja yana zafi. A na 2 gyambo ya fito amma mutum yana iya cin abinci mai tauri. A na 3 sai mai ruwa-ruwa kamar kunu. A na 4 ba abin da ke wucewa ta baki, sai dai a ciyar da shi ta jijiya, kuma sau da yawa sai an haɗa da mofin saboda zafi.

Hatsarin ya wuce zafi. Gyambon yana fitowa ne daidai lokacin da fararen ƙwayoyin jini suka kusa ƙarewa, sabon ɓargo kuma bai kama aiki ba. Bakteriyar da ke zaune a bakin kowa ba tare da cutarwa ba sai ta samu ƙofa ta shiga jini, babu mai tare ta. Wannan na iya kai mutum ga halaka.

Magungunan da aka fi sani da haddasa shi su ne melfalan, wanda ake bai wa masu kansar ɓargo ta miyeloma, da busulfan, wanda ake yawan amfani da shi wajen masu sikila. Akwai kuma metotireksat da ake bayarwa bayan dashe domin hana sabon ɓargo yaƙar jikin da aka saka shi, shi ma yana ƙara tsananta gyambon.

Me ya sa sai an bi ta kan dabbobi?

Mai haɗa manhaja ba ya gwada sabon aiki a kan manhajar bankin da mutane ke tura kuɗi da ita a wannan lokaci. Yakan kafa wurin gwaji daban, ya tayar da matsalar da gangan, ya duba inda ta samo asali, sannan ya gwada gyara. Abu mafi muhimmanci a wurinsa shi ne ya iya maimaita matsalar duk lokacin da ya so. Matsalar da ba a iya maimaitawa tana da wuyar gyara.

Haka lamarin yake ga masu bincike. Ba zai yiwu a yanki naman bakin yaron da jininsa ba ya daskarewa kowace safiya domin a duba shi a madubin likita ba. Ba zai yiwu kuma a ba shi sinadarin da ba a san illarsa ba. Don haka ake buƙatar wata halitta mai rai wadda za a iya tayar mata da irin wannan ciwo a rana sananniya, a bi shi daga farko har warkewa.

Shi kansa dashen ɓargo haka ya faro. A 1949 da 1951 masu bincike a Amurka suka gano cewa ɓeran da aka yi wa gashin da ya isa ya kashe shi yana iya rayuwa idan aka kare saifarsa, ko aka yi masa allurar ɓargon wani ɓeran. Daga nan Dokta Donnall Thomas ya shafe shekaru yana gwaji a kan karnuka kafin aikin ya zauna a jikin ɗan'adam, kuma a 1990 aka ba shi kyautar Nobel a kan haka.

Hamsta da jakar kumatunta

Wanda ya san gafiya ya san yadda take cusa gyaɗa ko hatsi a kumatunta ta gudu da su rami. Hamsta ƙaramar dabba ce mai irin wannan jaka a kumatu, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Asalinta ƙasar Siriya ne. A 1930 aka kamo wata uwa da 'ya'yanta kusa da birnin Halab, kuma mafi yawan hamstocin da ke ɗakunan bincike a yau jikokinsu ne.

Jakar nan ita ce ta ja hankalin masana. Idan aka sa wa dabbar maganin barci, ana iya zaro jakar waje kamar yadda ake juya aljihun riga, a shimfiɗa ta, a duba, a ɗauki hoto, a shafa magani, a mayar. Gobe a sake. Bakin ɓera ƙarami ne, ba ya ba da wannan dama.

A 1990 Dokta Stephen Sonis, likitan haƙori a jami'ar Harvard, tare da abokan aikinsa suka wallafa hanyar da har yanzu ake bi. Ana yi wa hamsta allurar maganin kansa mai suna 5-FU sau biyu ko uku a ranaku daban-daban. Sannan a ɗan karce fatar jakar da bakin allura, domin a kwaikwayi gogar haƙori da abinci a bakin mutum. Cikin kwanaki kaɗan wurin ya yi ja, ya kumbura, ya zama gyambo, daga baya ya warke, kusan irin tafiyar da yake yi a bakin ɗan'adam.

Ana amfani da ɓeraye ma. A wasu ɗakunan bincike akan ba su 5-FU sannan a taɓa harshe ko kumatu da ɗigon asid mai rauni. A birnin Dresden na Jamus, Wolfgang Dörr ya yi suna wajen gwajin gashi a ƙasan harshen ɓera. Wasu kuma suna bai wa ɓerayen ainihin magungunan sharewa irin su busulfan ko melfalan, domin gwajin ya fi kusa da abin da ke faruwa a ɗakin dashe. Amfanin ɓera shi ne an san tsarin gadonsa sosai, ana iya kashe ƙwayar gado ɗaya a ga abin da zai canja, kamar mai haɗa manhaja ya cire layi ɗaya ya ga ko matsalar za ta tafi.

Yadda ake aunawa

Ana raba dabbobin rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Wani rukuni a ba shi maganin da ake gwadawa, wani a ba shi ruwan da babu komai a ciki. Kowace rana a auna nauyinsu, domin dabbar da bakinta ke ciwo tana rage ci. A ɗauki hoton jakar, a cakuɗa hotunan, a bai wa masu duba waɗanda ba su san wace dabba ce ta samu magani ba, su ba da maki daga 0 zuwa 5. Daga 3 zuwa sama yana nufin gyambo ya buɗe. A harshen ɓera kuma akan shafa wani shuɗin rini da ke kama wurin da fata ta buɗe kaɗai.

Domin auna faɗin gyambo da yawa suna amfani da ImageJ, manhaja ce kyauta da aka rubuta da yaren Java a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka tun 1997. Ana ajiye ma'auni kusa da gyambon lokacin ɗaukar hoto, manhajar ta lissafa faɗinsa. Duk mai kwamfuta yana iya sauke ta. A ƙarshe ana ɗaukar naman a duba kaurin fata da yawan sinadaran kumburi da ke ciki.

Daga irin wannan aiki ne fahimta ta canja. A da ana ɗaukar cewa magani yana kashe ƙwayoyin fata ne kawai, shi ke nan. A 2004 Sonis ya bayyana cewa abin yana da matakai biyar. Na farko, maganin ya lalata DNA ya kuma saki wasu sinadarai masu ƙona ƙwayar halitta. Na biyu, wani makunni a cikin ƙwayar mai suna NF-kB ya kunna, jiki ya fara fitar da sinadaran kumburi irin su TNF. Na uku, waɗannan sinadarai su koma su ƙara kunna makunnin, kamar lasifikar da aka kusanto da makirfo ta fara ƙara tana ƙaruwa. Na huɗu gyambo ya buɗe, bakteriya ta shiga ta ƙara hura wutar. Na biyar warkewa. Darasin da ke ciki shi ne ɓarnar tana farawa tun ranar farko, lokacin da baki ke nan lafiya a ido. Wanda ya jira sai ya ga gyambo ya makara, shi ya sa rigakafi ya fi muhimmanci.

Wanda ya ci jarrabawa da wanda ya faɗi

Babbar nasarar wannan hanya ita ce palifermin, wanda aka fitar kasuwa da sunan Kepivance. Kwafi ne na wani sinadari da jiki ke yi da kansa domin sa ƙwayoyin fata su yawaita. A ƙarshen shekarun 1990 aka ga yana kare baki da hanjin ɓeraye idan aka ba su kafin kemoterafi ko gashi. Aka gwada shi a kan mutum 212 masu kansar jini waɗanda za a yi wa dashe bayan gashin dukkan jiki. A cikin waɗanda ba su samu maganin ba, kashi 98 cikin 100 sun kai mataki na 3 ko na 4. A cikin waɗanda suka samu, kashi 63. A watan Disambar 2004 hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi.

Sai dai a 2013 aka wallafa wani gwajin a kan masu miyeloma da aka share da melfalan kaɗai, ba gashi. A nan palifermin bai nuna amfani ba. Magani ɗaya, ciwo ɗaya, amma da aka canja hanyar sharewa sakamako ya canja.

Akwai kuma iseganan, wani sinadarin kurkure baki mai kashe bakteriya. A kumatun hamsta ya rage gyambo. Da aka kai shi manyan gwaje-gwaje a kan mutane, ya kasa tabbatar da amfaninsa, aka ajiye shi. Irinsa suna da yawa. Sinadaran da suka yi kyau a kan dabba sannan suka faɗi a kan mutum sun ninka waɗanda suka tsallake nesa ba kusa ba.

Inda gwajin dabba ke da giɓi

Masu haɗa manhajar Android sun san wannan ciwon kai. Aiki yana tafiya sumul a wayar kwaikwayo da ke cikin kwamfuta, amma da zarar an ɗora shi a tsohuwar Itel mai ƙaramar ma'adana, ga zafin rana, ga intanet na yankewa, sai ya tsaya cak. Wurin gwaji ya kwaikwayi wani ɓangare na gaskiya ne kawai.

Fatar bakin ɓera tana da tauri a ko'ina, domin tana da irin rufin da ke saman fatar jiki. Cikin kumatun mutum da ƙasan harshensa ba su da wannan rufi, kuma nan ne gyambon ya fi fitowa. Shi ya sa sau da yawa sai an haɗa da karcewa ko asid kafin dabba ta yi gyambo, abin da ba a yi wa marar lafiya. Jakar hamsta kuma garkuwar jiki ba ta aiki a cikinta kamar sauran wurare. Bakteriyar bakin dabbar da aka rena a keji mai tsafta daban take da ta mutum.

Sannan 5-FU da aka fi amfani da shi a gwajin ba ya cikin magungunan da ake share ɓargo da su. An zaɓe shi ne domin yana ba da sakamako iri ɗaya a kai a kai. Dabbobin kuma matasa ne masu lafiya, ba su da sikila, ba a taɓa yi musu ƙarin jini ba, hantarsu da ƙodarsu ba su sha wahalar shekaru ba. Tun 1997 akwai ɓerayen da aka sauya wa gado suna ɗauke da sikilar ɗan'adam, amma mafi yawan gwajin gyambon baki a kan lafiyayyun dabbobi ake yi.

Ko adadin magani ba ya tafiya kai tsaye. Jikin ƙaramar dabba yana sarrafa magani da sauri. A ƙa'idar FDA, idan za a juya adadin da aka bai wa ƙaramin ɓera a kowane kilo zuwa na mutum, sai an raba shi da 12.3, na hamsta kuma da 7.4. Wannan ma mafari ne kawai na lissafi.

Ƙanƙara da jan haske

Abin mamaki, ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi tabbata ba ta da tsada ko kaɗan. A 1991 likitoci a Amurka suka nuna cewa idan marar lafiya ya riƙe ƙanƙara a bakinsa na minti 30 lokacin da ake yi masa allurar 5-FU, gyambon yana raguwa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jinin baki, maganin da ke isa wurin ya ragu. Daga baya aka tabbatar da haka ga masu karɓar melfalan, kuma ƙungiyar MASCC, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwo, ta ba da shawarar a riƙa yi musu.

Amma dabarar tana aiki ne ga maganin da ke barin jini da wuri. Busulfan kwana huɗu ake yi ana bayar da shi, ba wanda zai riƙe ƙanƙara tsawon haka. Ga mai sikila kuma sanyi abu ne da ake taka-tsantsan da shi. Don haka wannan hukunci na likitan da ke kula da dashen ne.

Hanya ta biyu na'ura ce. A 1967 wani likita ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, ya haska wa ɓerayen da aka aske wa baya hasken lesa mai rauni, ya ga gashinsu ya fi saurin tsirowa. Daga nan aka fara binciken tasirin haske mai rauni a kan warkewar nama. An gwada shi a kumatun hamsta, an gwada a kan masu dashe, musamman a Birazil da Faransa da Amurka. A yau MASCC ta amince da shi a matsayin rigakafi ga manya masu dashen ɓargo. Na'urar kamar alƙalami take, tana fitar da jan haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 630 da 660, ana ɗora ta wuri-wuri a cikin baki na wasu daƙiƙoƙi kowace rana. Ba ta ƙona nama. Ƙarfin hasken da tsawon lokacin a ƙididdige suke, saboda haka tocilan mai jan haske ta kasuwa ba za ta maye gurbinta ba.

Abin da ke tafe

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin farko da ke amfani da fasahar gyaran gado ta CRISPR, kuma sikila yake magani. Ana ɗebo ƙwayoyin tushen marar lafiyan, a gyara su, a mayar masa, ba sai an nemi ɗan'uwa ba. Farashin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne. Duk da wannan ci gaba, sai an share ɓargo da busulfan kafin a mayar da ƙwayoyin, kuma gyambon baki yana cikin illolin da aka fi gani a gwajinsa. Manhajar sabuwa ce, amma gogewar ta da ce.

Shi ya sa wasu masana suka koma neman hanyar sharewa mai tantancewa. A 2007 masu bincike a jami'ar Stanford suka nuna a kan ɓeraye cewa wani sinadarin garkuwa da aka ƙera yana iya kama ƙwayoyin tushen jini ta wata alama da ke jikinsu mai suna CD117, ya kawar da su ba tare da kemoterafi ba. Yanzu ana gwada irinsa a kan mutane. Akwai kuma sharewa mai sauƙi da Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta wallafa a 2009 ga manya masu sikila, wadda ke amfani da gashi kaɗan da magungunan danne garkuwa.

Su ma dabbobin ana neman rage dogaro da su. Tun 1959 aka kafa ƙa'idar cewa a maye gurbinsu inda zai yiwu, a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu wahala. A yau ana shuka ƙwayoyin fatar bakin mutum a kan wani ɗan faranti mai siraran hanyoyin ruwa, a zuba masa magani a kalli yadda yake lalacewa. A watan Disambar 2022 Amurka ta cire sharaɗin cewa dole sai an gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin mutum. Sai dai farantin ba shi da ɓargo ko cikakkiyar garkuwar jiki, don haka hamsta da ɓera ba su yi ritaya ba tukuna.

Abin da iyali za su riƙe

Sabon Gari ta daɗe tana cikin manyan wuraren cinikin magani a Arewa, har zuwa watan Fabrairun 2024 da hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da 1,000 domin dillalai su koma sabuwar cibiyar Dangwauro. Sabon da mutane suka yi na sayen magani da baki, ba takardar likita, bai tafi da rufe shaguna ba. Ga ciwon bakin yau da kullum wataƙila a tsira. Ga wanda ke karɓar kemoterafi, ko wanda ya dawo daga dashe, abin na iya zama babban kuskure. Ibuprofen da diklofenak suna ƙara hatsarin zubar jini. Ko farasitamol yana iya ɓoye zazzaɓi, alhali zazzaɓi a wannan hali alama ce ta a garzaya asibiti nan take. Ruwan kurkure baki mai sinadarin alkohol yana ƙara zafi.

Haka nan saƙonnin WhatsApp da ke cewa "bincike ya tabbatar" wani ganye ko saiwa yana warkar da gyambon kemoterafi. Yana da kyau a tambaya: a kan wa aka gwada? Idan ɓeraye ne, to aikin yana wurin gwaji ne, bai kai hannun jama'a ba. Wannan ba raini ba ne ga binciken da ɗalibai da malamai ke yi a jami'o'i a kan tsirrai, domin daga nan kowane magani ke farawa. Iseganan ma ya wuce wannan mataki, amma ya faɗi a gaba.

Iyalin da ke shirin dashe, ko a Legas ko Benin ko Indiya, suna da haƙƙin tambayar likita: wane magani za a yi sharewa da shi, kuma yaya ƙarfinsa? Za a ba da metotireksat? Akwai na'urar haske a asibitin? Yaya za a ciyar da marar lafiya idan ya kasa haɗiya, kuma kuɗin yana cikin lissafin da aka ba su? Kafin tafiya kuma a ga likitan haƙori a gyara duk haƙorin da ya ruɓe, domin baki mai tsafta ya fi jure abin da ke tafe. A lokacin jinya a ajiye asuwaki mai tauri a koma buroshi mai laushi, a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri marar ƙarfi kamar yadda ma'aikatan jinya za su nuna, a guji yaji da tsami da abinci mai zafi.

Gyambon yana warkewa da kansa idan sabon ɓargo ya kama aiki, fararen ƙwayoyin jini suka dawo, yawanci cikin mako biyu zuwa uku. Aikin likitoci da iyali shi ne su raka marar lafiya ya tsallake waɗannan kwanaki lafiya. Allah Ya bai wa marasa lafiya sauƙi.